Karma a Ma'aunin Bangaskiyar Kirista: Wa Ya Ba Mu Izinin Karanta Zunubin Mutum a Jikin Masifarsa?

Wata baƙuwar kalma ta sami gindin zama a bakin matasanmu cikin 'yan shekarun nan. Ana jin ta a majalisun samari a Jega, a shagunan cajin waya a Aliero, a tashar mota a Maiyama, ana kuma ganin ta a Facebook duk ranar da wani babba ya faɗi. Ɗan siyasa ya sha kaye a zaɓe, a ce karma ce. Ɗan kasuwar da ya yi suna wajen tauye mudu ya karye, a ce karma ta kama shi. Matar da ta yi sanadin fitar kishiyarta ita ma an sake ta, a ce ai karma ba ta mantuwa. Musulmi na faɗa, Kirista na faɗa, kuma galibinsu ba su nufin komai face abin da kakanni suka riga suka ce, wato alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Duk da haka tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, musamman ga Kiristan da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki: shin wannan aƙida tana iya zama ɗaki ɗaya da bangaskiyarsa? Amsata ita ce ba ta iyawa. Suna haɗuwa a bakin hanya, su yi 'yar tafiya tare, sannan su rabu, kuma inda suka rabu ɗin ya shafi kowa a jihar Kebbi, Kirista da Musulmi, domin a nan ne ake yanke yadda za mu kalli wanda masifa ta faɗa wa.

Ba daga littattafan malaman Indiya muka koyi karma ba, daga allon kallo muka koye ta. Tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen sinima suka fara haska finafinan Indiya a Kano, irin su Mother India na 1957, har abin ya zame wa Bahaushe jiki. Wanda ya kalli Karan Arjun na 1995 ya ga 'yan'uwa biyu da aka kashe bisa zalunci, aka sake haifar su a wasu gidaje, suka girma suka dawo suka ɗauki fansa. Om Shanti Om na 2007 ma a kan wannan turba yake. Daga baya masu fassara irin su Algaita suka sa wa finafinan muryar Hausa, labarin ya shiga kowace waya har ƙauyukan da ba su taɓa ganin gidan sinima ba. Darasin da mai kallo ke tashi da shi guda ne: kafin awa uku ta cika, mugu zai ga sakayya a gaban idon kowa.

A gidanta na asali, karma ta fi wannan zurfi da nauyi, kuma adalci ne a faɗi yadda masu ita suka fahimce ta. Bayaninta ya fito fili a littattafan Upanishad ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu, sannan addinin Buddha da na Jain da na Sikh kowanne ya yi mata nasa bayani. Kowane aiki, a cewarsu, yana barin sakamako da dole ya nuna a kan mai shi. A wajen mabiya Buddha da Jain babu wani alƙali da ke zartar da wannan hukunci, abin yana gudana ne da kansa, ko da yake wasu mazhabobin Hindu suna ganin Ubangiji ne ke raba wa kowa sakamakon aikinsa. Sai dai kowa ya san rayuwa ɗaya ba ta isa a biya komai, tunda ga azzalumai suna mutuwa a kan gadon alfarma, ga jarirai ana haihuwarsu da cuta ba su yi wa kowa komai ba. Don haka aƙidar ba ta tsayuwa sai da ƙafa ta biyu, wato rai yana barin wannan jiki ya shiga wani, ya yi ta zagaye, yana biyan bashin rayuwar da ta wuce yana kuma cin sabo. Babban burin mai ibada shi ne ya kuɓuta daga wannan zagaye baki ɗaya. Wanda ya cire dawowar rai daga karma ya bar ta da tambayar da ba ta da amsa: jaririn da aka haifa makaho, yaushe ya yi laifin?

Dalilin da ya sa Kirista ke jin kamar ya san wannan magana ba ɓoyayye ba ne. A sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, manzo Bulus ya gargaɗi masu bi cewa girbin mutum yana bin irin shukarsa. Littafin Karin Magana ya yi zancen mai haƙa wa wani rami ya faɗa da kansa, daidai da namu na gina ramin mugunta gajere. A littafin Esta, an rataye Haman a kan gungumen da ya kafa domin Mordekai. Tun da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya ba shi shekaru masu yawa na rayuwarsa, Kirista mai jin Hausa a Zuru ko Yawuri ko Birnin Kebbi yana buɗe waɗannan wurare ya ji kamar kakarsa ce ke magana. Cakuɗewar kuwa ba a nan kaɗai take ba. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna cewa kashi 54 cikin ɗari na Kiristocin Indiya sun yarda da karma, Musulmin ƙasar kuma kashi 77, daidai da adadin Hindu. Mutane ne masu zuwa coci da masallaci, amma iskar da suke shaƙa ta ɗauke su.

To amma a tambayi manomi, wanda ya fi kowa sanin shuka da girbi. Manomin albasa a Aliero ya san in ya dasa albasa ba zai ciri gero ba, wannan kam babu jayayya. Ya kuma san cewa daga ranar dashe zuwa ranar da buhu zai hau mota akwai abubuwa da yawa da ba su hannunsa: raɓa da tsutsa, farashin taki da man injin ban ruwa, ruɓewa a rumbu, faɗuwar kasuwa. A daminar 2020 ruwa ya malale fadamun jihar Kebbi, ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN ta ƙiyasta asarar kimanin hekta 450,000, kuma da yawa daga cikin manoman da bashi suka yi noman. Ruwan bai tsaya a kunyar kowa ya tambayi wane ne mai sallar dare, wane ne mai zuwa sujada ranar Lahadi, wane ne mai cin iyakar gonar marayu ba. Ya shafe na mai gaskiya tare da na macuci. Yesu ya faɗi makamancin haka a wa'azinsa na kan dutse, inda ya nuna cewa Allah yana ba nagari da mugu rana ɗaya da ruwan sama ɗaya. Shi ma Bulus, in aka karanta maganarsa har ƙarshe, girbin da yake nufi shi ne rai madawwami ko hallaka, ya kuma ƙarfafa masu bi kada su gaji da aikin alheri domin girbin yana da lokacinsa. Bai yi wa kowa alkawarin ganin sakamako kafin kaka mai zuwa ba. Wasiƙar Ibraniyawa, sura ta 9, ta rufe ƙofar dawowar rai da cewa mutuwa sau ɗaya ce, bayanta sai shari'a, kuma littafin koyarwar Katolika na 1992 ya maimaita haka ƙarara. A wannan gaɓa, Katolika da Angilika da ECWA da Baptis bakinsu ɗaya.

Rabuwa mafi girma tana wajen gafara. Wanda ke gaban alƙali mai rai yana iya roƙo, yana iya tuba, ana iya yafe masa. Bangaskiyar Kirista gaba ɗayanta a kan wannan ta tsaya. Linjilar Luka ta kawo labarin ɗan fashin da aka gicciye kusa da Yesu, wanda ya amsa da bakinsa cewa hukuncin da ake yi masa daidai yake da aikinsa, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar, ba tare da ya sami sa'a ɗaya ta gyara abin da ya ɓata ba. A Matiyu sura ta 20, mai gonar inabi ya biya ma'aikatan da suka zo da la'asar lada ɗaya da waɗanda suka sha rana tun safe, masu safen suka yi gunaguni, ya nuna musu cewa bai tauye kowa ba, kyauta ce ya yi da abinsa. Ɓataccen ɗan da ya cinye gadonsa a yawon banza ya dawo gida aka yanka masa kiyataccen maraƙi. Duk waɗannan labarai, in aka ɗora su a ma'aunin karma, rashin adalci ne tsagwaronsa. Sama da duka, Kiristoci sun gaskata cewa Almasihu marar zunubi ya ɗauki hukuncin masu zunubi, kuma ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin bangaskiya, kamar yadda wasiƙar Afisawa ta koyar. Marar laifi ya biya, mai laifi ya tafi a 'yance: wannan ita ce karma an kifa ta. Musulmi bai yarda da gicciye ba, bai kuma yarda wani zai ɗauki nauyin zunubin wani ba, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu wannan bambanci. Amma shi ma ya san hadisin da ya nuna cewa aikin mutum kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah, ya san ana ninka lada sau goma ana rubuta zunubi ɗaya, ya san tuba ta gaskiya tana shafe abin da ya gabata. Addinan biyu sun ajiye sakamako a hannun Mai jin roƙo.

Wani zai ce wannan muhawarar malamai ce, ina ruwan mai shayi da ita. Ruwansa yana nan: karma tana ba mutum izinin karanta lissafi daga baya. In kowace wahala biyan bashi ce, to duk wanda na gani cikin wahala mai bashi ne, kuma ba sai na san laifinsa ba, masifar ta isa shaida. Wannan izini shi ne abin da Littafi Mai Tsarki ya ƙwace daga hannun mai bi, ba sau ɗaya ba. Littafin Ayuba kusan dukansa gardama ce a kan haka. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo ta'aziyya suka zauna kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma da sun tsaya nan da sun yi abin kirki. Da suka buɗe baki sai suka dage cewa mutum ba ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya haka kawai, lallai akwai abin da ya ɓoye. A ƙarshen littafin, su ne Allah ya yi fushi da su, sai da Ayuba ya yi musu addu'a. A Yohanna sura ta 9, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho suka tambayi Yesu laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, ya kore duka biyun, ya kuma warkar da shi. A Luka sura ta 13 aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ko kusa ba su fi sauran mutane zunubi ba, sannan ya juya maganar kan masu sauraro, su ne ya kira ga tuba. Har a tsibirin Malta, da maciji ya sari Bulus bayan ya tsira daga haɗarin jirgin ruwa, mutanen wurin suka yanke cewa mai kisan kai ne da alhaki ya biyo, da suka ga bai kumbura ba kuma suka koma cewa allah ne. Sau biyu suka karanta halin mutum daga abin da ya same shi, sau biyu suka yi kuskure.

Duniya ta ga abin da ke faruwa in Kirista ya ɗauki wannan izini. Masu bin ƙwallon Ingila za su tuna Glenn Hoddle, tsohon kocin tawagar ƙasar, wanda ke kiran kansa Kirista. A farkon 1999 ya yi hira da jaridar The Times inda ya danganta halin naƙasassu da karma ta rayuwar da suka yi a baya, kuma a ranar 2 ga Fabrairu hukumar ƙwallon ƙafa ta sallame shi. Da girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 100,000 a Haiti a watan Janairun 2010, mai wa'azin talabijin na Amurka Pat Robertson ya ce kakanninsu ne suka ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan don su kori Faransawa. Bai ambaci karma ba, amma lissafin abokan Ayuba ne ya yi. A Indiya kanta, tsoffin nassosi sun danganta haihuwa a gidan daraja da kyakkyawan aikin baya, haihuwa a ƙasƙantaccen gida kuma da mummuna, aka yi ƙarnoni ana gaya wa miliyoyin mutane cewa shara da kwasar kashi gadonsu ne da suka jawo wa kansu. B. R. Ambedkar, wanda ya fito daga cikinsu ya kuma jagoranci rubuta tsarin mulkin ƙasar da ya haramta wannan wariya a 1950, ya yi watsi da wannan fassara, har ya bar addinin Hindu tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956. Wajibi ne kuma a faɗi cewa malaman Hindu da na Buddha da yawa suna hana a yi wa mai wahala wannan kallo, kuma an ruwaito Buddha da kansa yana cewa ba kowane ciwo ne ke fitowa daga aikin baya ba. In masu abin suna taka-tsantsan da shi haka, mu da muka tsince shi a fim ya kamata mu fi su.

Mu dawo gida. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja ya nufi Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse a tsakiyar kogin Kwara ɗauke da sama da mutum 150, 'yan kaɗan ne suka fita da rai. Mata ne da yara da 'yan kasuwa da masu neman abinci. Wane zunubi ne ya tara su a jirgi ɗaya? Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta faɗi sababin da ido ke gani: jirgin ya tsufa, an yi masa lodin da ya wuce ƙima. Makonni uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai a 2023 suka ga iyayensu. Duk aƙidar da za ta tilasta mini in ce waɗannan yara bashi suka biya, ba zan karɓe ta ba, kuma ba na jin akwai uban da zai karɓa. Musulunci ya ba wanda ruwa ya ci matsayin shahidi, ya kuma koyar da cewa annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa. Kirista yana bin Ubangijin da, a bangaskiyarsa, ya sha wahalar da bai cancanta ba. Babu ɗayansu da ke da hujjar tsayawa a bakin kogi yana lissafa zunubin gawa.

Ɓarnar wannan tunani ba ta tsaya ga ɓata wa masu makoki rai ba, tana rufe ido daga ganin sababi. Mun daɗe da namu nau'in tun kafin finafinan Indiya. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana akan ce wabi take yi, yaro ɗaya ne ke tafiya yana dawowa, a sa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe, ita kuma uwar ta yi ta shan habaici daga dangin miji kamar akwai abin da ta aikata. Alhali yawancin waɗannan mace-mace likita ya san sunansu: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, tamowa, sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila kowace shekara a Najeriya, kuma in miji da mata duka suna ɗauke da AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da cutar. Gwajin jini kafin aure ya fi duk wani bincike a kan laifin uwa amfani. Haka kuturu ya yi zamani ana kallonsa a matsayin la'ananne, har aka buɗe wuraren jinya irin na Amanawa kusa da Sakkwato, wanda 'yan mishan na SIM suka karɓi kula da shi a ƙarshen shekarun 1930. Suna da burinsu na yaɗa addini, ba a musu, amma sun taɓa mutanen da kowa ke gudu. Yau kuturta tana warkewa da ƙwayoyi cikin wata shida zuwa shekara, kuma kyauta ake ba da su. Ciwon noma da ke cin fuskar ƙananan yara, wanda aka buɗe masa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, daga yunwa da rashin tsaftar baki da raunin jiki bayan ƙyanda yake tasowa, amma iyaye kan ɓoye yaron a ɗaki don kunya har lokacin magani ya wuce.

Na san za a ce ina yi wa kalma shari'a, alhali mai faɗin karma alhaki kawai yake nufi. Da haka ne, da babu damuwa, amma a saurari lokacin da ake faɗin kowanne. Tsohuwa tana ce wa jikanta ka ji tsoron alhaki kafin ya taɓa kayan maraya, gargaɗi ne ga wanda bai riga ya aikata ba. Karma kuwa an fi jefa ta bayan an ji mutum ya faɗi, kuma sau da yawa akwai dariyar ƙeta a bayanta. Littafin Karin Magana, sura ta 24, ya hana mai bi murna da faɗuwar maƙiyinsa, malaman Musulunci ma sun hana. Sannan alhaki yana da mai shi, mutum ne da aka zalunta, yana da suna da gida, ana iya zuwa a durƙusa a gabansa a mayar masa da abinsa. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Musulmi ya san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, in ba haka ba a kwashi ladan azzalumi a biya shi ranar hisabi. Wannan koyarwa tana tura mai laifi ƙofar gidan wanda ya cuta tun yana da rai.

Ƙalubale mafi ƙarfi yana fitowa daga cikin littattafan kansu. Maimaitawar Shari'a sura ta 28 ta jera albarka ga masu biyayya da la'ana ga masu tawaye. Hananiya da Safiratu sun faɗi matattu saboda ƙarya. Alƙur'ani a Suratus Shura ya danganta masifa da abin da hannayen mutane suka aikata, kuma hadisi ya nuna ana gaggauta wa zalunci da yanke zumunci uƙuba tun a duniya. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce Allah ba ya hukunci a duniya ya ƙaryata littafinsa. Mai shan ƙwaya da ya haukace, da ɓarawon da aka kama, sun girbi abin da kowa ya ga sun shuka. Sai dai a duk inda nassi ya ce wannan masifa saboda wancan zunubi ce, annabi ne ko manzo ke magana da sanin da aka ba shi, kuma ni da kai ba a ba mu shi ba. Abin da aka bar mana shi ne mu binciki kanmu in wahala ta same mu, mu kai ɗauki in ta sami wani. Ayar Suratus Shura ma da kanta ta ƙare da cewa Allah yana yafe da yawa. Kuma littattafan ba su ɓoye ɗaya gefen ba: marubucin Zabura ta 73 ya kusa sakin bangaskiyarsa da ya ga mugaye suna ƙiba cikin kwanciyar hankali, malaman Musulunci kuma suna da bayanin talala da ake yi wa azzalumi, a buɗe masa duniya kafin a kama shi. In haka ne, dukiya ba shaidar yarda ba ce, kamar yadda talauci ba shaidar fushi ba ne.

Akwai kuma mai cewa a bar wa talaka karma, ita ce sanyin zuciyarsa a ƙasar da kotu ba ta kama babba. Ina jin zafin da ke cikin wannan magana, amma maganin ba ya warkarwa. Shugabannin 'yan bindigan da suka tashi garuruwa a masarautar Zuru da Yawuri wasunsu sun shafe shekaru suna yawo da ransu, kuma wanda aka koya wa cewa sakayya tana zuwa da kanta zai naɗe hannu yana jira. Bulus a Romawa sura ta 12 ya hana mai bi ramuwa da hannunsa, amma a sura ta 13 ya ɗora wa mai mulki nauyin hukunta mugu. Magabatan wannan yanki ma haka suka yi: waƙar Tabbat Haƙiƙa ta Shehu Usmanu, wadda Nana Asma'u ta mayar Hausa, tana tsoratar da azzaluman masu mulki da alƙalai masu cin hanci da wutar lahira, amma masu ita ba su tsaya nan ba, sun kafa kotuna sun naɗa alƙalai.

Ya kamata kuma coci ta duba cikin gidanta, domin karma takan shigo sanye da rigar bishara. Wa'azin da ke cewa ka shuka iri na kuɗi a gaban bagade ka girbi mota, in kuma ba ka warke ba bangaskiyarka ce ta gaza, ciniki ne da Allah, kuma matalauciyar gwauruwa ce ke komawa gida da laifi a kanta. Malaman tauhidi na Afirka da suka taru a Akropong ta Gana a 2008 da 2009, ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne, sun fito fili sun soki wannan koyarwa.

Roƙona ga fastoci da limamai a Maiyama da Jega da Aliero shi ne su ɗauki wannan batu zuwa mumbari, su bayyana wa matasa bambancin, kada su bar wa masu fassarar fim aikin koyar da sakamako. Kai kuma mai karatu, ranar da ka ji jirgi ya kife, ko wuta ta ci shagon wanda ba ka so, ko maƙwabciyarka ta sake binne jariri, ka riƙe bakinka daga lissafin zunubi. Ka je ta'aziyya, ka kai abin da ya sawwaƙa, sannan ka tambayi hukuma wa ya bar jirgin ya tashi da wannan lodi, ina rigunan ruwan da aka yi alkawari, kuma me ya sa asibitin garinku ba ya gwajin sikila.